Kifin Baba da Soson Inna

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni ce na jajibo wa gidanmu rigimar kifi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kasuwar Maigatari yana cinikin awaki, baki kamar reza, sai ga shi kwance a ɗaki a Gumel, magana ba ta fita sai da ƙyar, ido a kan bango tun safe har yamma. Rediyo ta ishe shi. Baƙi ma in suka daɗe sai ya rufe ido. Da aiki ya kai ni Kano, na ga akwatin gilashi a wani shago, ƙananan kifaye suna kai da kawo a ciki, na ce a raina wannan dai ya fi bango.

Mai shagon ya haɗa mini da tsakuwa, da wani dutse mai rami, da ɗan inji mai busa iska yana tace ruwa ta cikin soso. Na tambaye shi sirrin abin, ya ce, "Hajiya, tsabtar ruwa ce kawai." Haka na kawo maganar gida na sauke ta a gaban Inna, ban rage ba, ban ƙara ba.

Duk wanda ya san Inna ya san an taɓo inda take. Randarta ba ta kwana biyu ba a juye ta ba. Sai ta dirje cikinta da soso, ta kife ta a kan turare, ta jefa saiwar jema a sabon ruwa don ƙamshi, har maƙwabta kan aiko a ɗebo musu. Da ta ji an ce tsabta, ta ɗauki gidan kifin a matsayin ƙanwar randa. Ina fita aiki za ta kwashe kifayen a roba, ta zubar da ruwan kaf, ta wanke gilashi da tsakuwa da soson injin da sabulu, ta cika da sabon ruwan da mai kura ya kawo. In na dawo in tarar da abu yana ƙyalli, in yi mata godiya.

Kifayen suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ga kifi ya taso sama yana haki, gobe ya kwanta a gefe. Na zargi ruwan burtsatse na koma sayen na leda. Na zargi zafi na lulluɓe gilashin da jiƙaƙƙen buhu. Na zargi ɗaukewar wuta na haɗa injin da sola. Ba abin da ya canza, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan garau yake. Launinsa bai sauya ba, ba wari, ko limami ba zai yi shakkar alwala da shi ba, amma yana kashe abin da aka halitta don ya zauna a cikinsa. Baba kuwa duk a kan idonsa ake tsame gawa da ludayi.

Sai da na ƙare katin waya ina karance-karance sannan na gane. Ashe kashin kifi da ragowar abinci suna sakin guba da ido ba ya gani, kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zama a jikin soso da tsakuwa suna cinye gubar. Sukan ɗauki makonni kafin su yi yawa. Duk wankin da Inna ta yi, su take kashewa, ga sabulu da ke saura ya shiga jikin kifi. Abin da ake so a rage kaɗan daga ruwan a ƙara sabo, soson kuma a ɗauraye shi sama-sama a tsohon ruwan, a rage abinci.

Na zauna na yi wa Inna bayani. Ta saurare ni har ƙarshe tana tsince shinkafa.

"Wato dauɗa ce maganin," in ji ta.

"Ba dauɗa ba ce, Inna. Wasu halittu ne masu amfani."

"Kin gan su?"

"Ba a ganinsu."

"To. Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa jin wanda tsabta ta kashe ba. Tsabta cikon addini ce, sai a gidan kifinki za ta zama laifi?"

Raina ya ɓaci har na ɗaga murya, abin da ban saba ba. Ta ce ta cire hannunta, in ya so ya zama kududdufi.

A lokacin kifi ɗaya ya rage, wani ja mai farar wutsiya. Na hana kowa taɓa akwatin. Gansakuka ta fara bin gilashi, soson ya yi duhu, Inna in za ta wuce sai ta kau da kai. Kifin kuwa ya daina haki. Ya fara zarya daga wannan kusurwa zuwa waccan ba hutawa, Baba yana binsa da ido. Wata safiya ina ba shi kunu ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna gilashin, ya ce, "Dillali." Kalmar ta fita sarai. Na fita tsakar gida na yi kukana na dawo. Daga nan ya zama ba ya karɓar kunu sai an fara ba Dillali nasa.

Ana cikin haka aka tura ni aiki Gagarawa na 'yan kwanaki. Kafin in tafi na roƙi Inna, na sake roƙonta. Abin da ban sani ba, dangin Baba na garin Sule Tankarkar sun aiko cewa za su zo dubiya, mota guda, har da ƙannensa mata waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin Inna sun fita ba su sami abin faɗa ba.

Ranar da na dawo, tun daga ƙofar ɗakin na ji ƙamshin jema. Gilashi fes, tsakuwa fara tas, ruwa kamar ba ruwa. Babu kifi.

Inna ta ja ni kicin. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ya kike so in yi?" ta ce a hankali. "Su zo su ga mijina kwance kusa da koren ruwa, su koma su ce na gaji da jinya? Sabulun ma kaɗan na sa. Da asuba na gan shi a sama, ya mutu."

Na buɗe baki, duk maganganun da na tanada suna nan a kan harshena. Sai na haɗiye su. Na tambaye ta me ta gaya wa Baba.

"Na ce baƙi ne suka firgita shi, ya shige ramin dutse."

Na koma ɗakin. Baba yana kwance ta gefen da ya saba, idonsa a kan dutsen nan, kofin kunu a ajiye ya huce ba a taɓa ba. Na durƙusa zan gaishe shi, gwiwata ta bugi ƙafar teburin, ruwan ya girgiza. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"A hankali," ya ce. "Zai fito."