Baba Barau na Sara da Ciyawar Bakin Teku

Shekara ashirin da bakwai Baba Barau ya yi yana fara aikinsa da cire takalmi. Da ya sallame sallar asuba, tun baƙin otal ba su farka ba, sai ya naɗe ƙafar wando ya bi filin ƙwallon lambu, wato golf, daga ramin farko har na goma sha takwas. Ya ce tafin ƙafa ba ya ƙarya. Inda ruwa ya kwanta zai ji, inda ƙwaro ya shiga ƙarƙashi zai ji. In ya zo wurin da bai yarda da shi ba sai ya tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana. Sannan ya koma rumfar injuna ya raba wa ma'aikatansa goma sha ɗaya aikin ranar.

Filin yana can kudancin ƙasar nan, cikin wani katafaren wurin shaƙatawa a bakin teku, inda masu hali ke zuwa hutu, kuma ake buga manyan gasanni. Shi kuwa Baba Barau mutumin Sara ne ta ƙasar Gwaram. Cirani ya kai shi yana saurayi, aka ɗauke shi tura baro, a hankali har ya zama shugaban masu kula da ciyawa. Watan jiya ya ajiye aiki ya dawo gida. Ban yi niyyar rubuta komai ba, sai da na ji wani a majalisarmu ta Birnin Kudu yana cewa, "Wai Barau ya dawo. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen aske ciyawar da ko akuya ba a bari ta ci." Aka kwashe da dariya. To, masu dariya, ku saurara, don ni na je na gani.

Shekara biyu ke nan, lokacin hutun makaranta, yayan matata Khuzaima, Alhaji Bahauddeen, ya ɗauke mu yawon buɗe ido. Ni malamin firamare ne, ban taɓa ganin teku ba sai a littafi. Muka shiga kwalekwale, muka sha ruwan kwakwa, Khuzaima ta yi ta ɗaukar hoto. Rana ta uku Alhaji ya ce sai mun ga filin da yake gani a talabijin. Aka ba mu wata ƙaramar mota mai batir, ya karɓi tuƙi da kansa.

Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Kewaye da kowane rami akwai wata farfajiyar ciyawa mai laushi kamar darduma, a nan ake gangara ƙwallon ta faɗa ramin. Alhaji ya so a ɗauke shi hoto kusa da tuta, sai kawai ya hau farfajiyar da motar. Nan take muka ji wata murya da Hausar gida tsantsa.

"Alhaji, sauke motar nan daga kan ciyawata!"

Wani dattijo ne siriri, da hular malafa. Alhaji bai saba a ɗaga masa murya ba. Ya ce, "Kai, ka san da wa kake magana? Ni baƙon wurin nan ne."

Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ɗaki aka ba shi, ba a ba shi ciyawa ba. Wata huɗu ina renon wurin da tayarka take kai. Koma da baya a hankali, kada ka murɗa sitiyari."

Alhaji ya ce zai kai ƙara wurin manaja. Dattijon ya nuna masa ofis da hannu ya ce, "Ga shi can mai jan kwano. Amma motar za ta fara sauka."

Motar ta sauka. Khuzaima ce ta kashe wutar rigimar, ta ce, "Baba, wannan Hausar ta wajenmu ce. Daga ina?" Da ya ce Sara, muka ce Birnin Kudu, sai fuskarsa ta washe. Ya tambayi damina, ya tambayi kasuwar Sara, ya tambayi ko an gyara hanya. Amma duk yana maganar nan a tsugune yake, yana tayar da ciyawar da taya ta kwantar da 'yan yatsunsa.

Sauran labarin ba daga bakinsa na ji ba. Ikrima, wani magidanci ɗan Wurno da ya shekara goma yana aiki a ƙarƙashinsa, shi ya ba ni, kuma masu kamun kifin ƙauyen da ke gangaren filin sun gaskata shi.

Wata shekara, saura mako uku a buga babbar gasa, sai ciyawar ta fara yin rawaya. Hankalin manaja ya tashi, ya ɗauko wani ƙwararre a jirgi. Ƙwararren ya zagaya da na'urorinsa ya ce cuta ce, a yi feshin wani magani mai ƙarfi a duk filin. Baba Barau ya ce ba cuta ba ce. Ya ce ya ɗanɗana ƙasar, gishiri ne, rijiyar burtsatsen da ake ban ruwa da ita ta fara janyo ruwan teku. Ya ƙara da cewa ruwan sama na hanya, zai wanke maganin ya zuba a rafin da mutanen ƙauye ke sha, suke kamun kifi.

Manaja ya ce, "Barau, wa ya yi karatun abin nan, kai ko shi?"

Ya ce, "Shi ya yi karatu. Ni na yi noma. Ba zan fesa ba, kuma ba zan sa yarana su fesa ba."

Ikrima ya ce a gabansu Baba Barau ya sauke tankin feshin daga bayansa ya ajiye a ƙafar manaja. Kafin azahar an ba shi takardar sallama, aka ce ya bar ɗakinsa cikin mako guda. Mutum mai iyali, ga shekaru sun fara ja, ga shi nesa da gida. Bai je roƙon kowa ba. Ya gangara ƙauyen ya faɗa wa dattawansu abin da za a zuba musu a ruwa. Washegari da safe mata da maza suka zo suka zauna a bakin ƙofar otal da komayensu na kamun kifi da kwandunansu, suka ce ba za su tashi ba.

Dole aka dakatar da feshin, amma an riga an fesa wa ramuka uku na can tudu. Kwana huɗu ciyawarsu ta ƙone ƙurmus. Ƙwararren ya ce yana da wani aiki na gaggawa, ya hau jirgi. Manaja da kansa ya tako har ɗakin Baba Barau, ya tarar da matarsa A'i tana ɗaure kaya.

Ya ce, "Barau, ka dawo bakin aikinka."

Baba Barau ya ce, "Sai an fitar da sauran maganin daga wurin nan ina kallo."

Aka fitar yana kallo. Sannan ya sa aka rufe rijiyar, aka riƙa ɗauko ruwan daɗi a tankoki. Ya ja ƙananan magudanai irin waɗanda yake ja a fadamar mahaifinsa, ruwa ya wanke gishirin ya fice. Ramukan da suka ƙone kuwa, ashe yana da wani ɗan fegi a bayan ɗakinsa da ya shekara yana renon irin ciyawar, ana yi masa dariya. Ita ya yanko faife-faife ya shimfiɗa. Bayan kwana goma sha shida aka buga gasa.

Masu sharhi a talabijin suka yi ta yabon filin. Da aka zo godiya, sunan kamfanin ƙwararren aka ambata. Ikrima ya ce shi kam ransa ya ɓaci har ya kasa cin abinci. Baba Barau ya tambaye shi, "Kifin rafin nan ana ci?" Ya ce ana ci. Ya ce, "To tashi ka ci abincinka."

Kai ne Barau, gagara-tanƙwara na A'i. Kai ne wanda ba ka taɓa riƙe sandar wasan ba, amma zakarun da suka ɗaga kofi a kan guminka suka tsaya. Sun zo sun ɗauki hoto sun tafi, mu ma mun zo mun ɗauka mun tafi, babu hoton da kake ciki. An ba ka zaɓi tsakanin abincinka da ruwan shan mutanen da ba yarenku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba, ba ka nemi a ba ka lokacin tunani ba.

Ku kuma 'yan majalisa, ina da tambaya. A cikinku wa ya taɓa cewa a'a a gaban wanda ke riƙe da abincinsa? Mun iya tsayawa mu yi wa mai babbar riga kirari ko da ba mu san inda ya samo ta ba, amma mutum ya riƙe amana shekara ashirin da bakwai sai mu ce ciyawa yake aski. E, ciyawa yake aski. Ya kuma iya ta fiye da yadda da yawanmu muka iya abin da muke tinƙaho da shi.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka ci moriyar hutunka, ya albarkaci zuriya.

Matasan Gwaram da Birnin Kudu da ke shirin fita nema, ku biya ta Sara kafin ku hau mota. Ba zai yi muku wa'azi ba, ba halinsa ba ne, wataƙila ma fartanya zai miƙa muku. Ku karɓa. Duk aikin da Allah ya ba ku a can, ku san shi har a kasa yi ba tare da ku ba. Ranar da aka ce ku cuci wani da hannunku kuwa, ku dubi mai umarnin ido da ido ku ƙi. Ɗan Sara ya ƙi, an kore shi, kuma waɗanda suka kore shin ne suka tako da ƙafarsu suka same shi.