Ba Sannu Ba Ne Sunansa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Inuwa ya rasu.

Ina ɗaura igiyar takalmin makaranta da safen nan aka kira Umma daga Goron Dutse. Tun kafin ta ajiye wayar na gane, don na ga ta zauna a dandaryar ƙasa.

Kun san ban saba rubutu a nan ba, karantawa nake yi in wuce. Yau dai ku yi haƙuri da ni.

Baba Inuwa ƙanin kakana ne. Tunda idonsa ya yi rauni, duk Juma'a nake hawa adaidaita daga Dala in je in karanta masa saƙonnin wayarsa. Da na yi sallama zai ce, "Amarya ta iso! Yau kuma wa ke mutuwa a kan wa a littafin naki?"

Ya taɓa ɓoye mini littafin soyayya a ƙarƙashin buzunsa, ranar da Umma ta rantse sai ta ƙona shi.

Da yawa ba su san ya taɓa buga ƙwallo a Ostireliya ba. Karatun kiwon dabbobi ne ya kai shi yana saurayi, ya faɗa wani ƙaramin kulob na unguwa. Ya ce baƙi ne suka kafa shi, leburori, su suka share juji da hannunsu ya zama fili. 'Yan wasan kowa da sana'arsa. Golansu mahauci ne, kyaftin direban bas, sai an tashi aiki a haɗu a yi atisaye. Wata shekara su hau rukunin sama, wata su faɗo. Da azumi, uwar mahaucin nan takan rufe masa abinci ta tsare shi har rana ta faɗi.

Na ce, "Baba, ba wata Baturiya a labarin?"

Ya ce, "Ke dai ko tarihin rijiya aka ba ki sai kin haƙo soyayya a ciki."

Wata Juma'a na nemo shafin kulob ɗin a waya. Sun rubuta tarihinsu tun daga jujin, har da tsofaffin hotuna. Sai ga shi a layin baya, siriri, da gashi tim. A ƙasa an jera sunan kowa da na ubansa, nasa kuwa an sa "Sannu", an ƙara da cewa ba a san cikakken sunansa ba.

Dariya ya yi har da tari. Wai lamba biyar yake bugawa, mai tsaron baya, duk wanda ya kayar sai ya tsaya ya ɗaga shi yana sannu, sannu. Shi ke nan sunan ya bi shi.

Da dariyar ta lafa ya ce, "Amma kowa da sunan ubansa a wurin. Rubuta musu, ki ce Inuwa Lawan ne. Malam Lawan ya sayar da saniyarsa kafin in hau jirgin nan."

Na rubuta saƙon a ranar. Na karanta ya fi sau goma, sai na ga kamar Turancina zai ba su dariya. Na bar shi a draft ban tura ba, na ce sai na gyara.

Da ya tambaye ni ko na aika, na ce eh.

Ban san me ya sa ba. Kunya ce ta sa na faɗa, kunya kuma ta hana ni warwarewa.

Juma'ar da ta wuce na same shi a zaure, ya rame, ko shayinsa bai taɓa ba. Bai tsokane ni ba. Da zan tafi ya ce, "Amarya, mutanen nan shiru?"

Na ce, "Shiru, Baba."

Ya ce, "To. Ƙila waɗanda suka san ni duk sun riga ni. Ko kuma sun manta, ai an daɗe."

Maganar na bakina, wallahi na bakina. Na sa takalmina na fita.

Ya tafi yana zaton sun manta da shi, alhali ba wanda ya taɓa jin saƙonsa. Ko Umma a nan za ta fara sanin wannan.

Ɗazu da maza suka fita da shi, na shige ɗakinsa na tura saƙon yadda yake, ban gyara ko harafi ba. Layi ɗaya na ƙara, cewa yau ya rasu. Ban sani ba ko za su amsa.

Allah Ya jiƙanka Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Malam Lawan a Aljanna Firdausi. Ni kuma Allah Ya yafe mini, tunda kai na makara ban roƙe ka ba.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. In za ku ambace shi, ku cika sunan: Inuwa Lawan.