Tafin Hannun Kakana a Ƙarƙashin Gada

Shekara arba'in ke nan da Allah Ya karɓi ran kakana Malam Sanda, mutumin Rawayya. Da can in lokacin ya zagayo addu'a nake masa in ci gaba da harkata. Bana kuwa na kasa, don na je ƙarƙashin gadar da ya yi aikin gininta na ga abin da ya tayar mini da hankali.

Yana saurayi aka ɗauke shi lebura, lokacin da Turawa ke jan layin dogo ya ratsa Gusau. Ƙasar rafinmu yashi ce zalla, ba ta ɗaukar gini. Sai aka riƙa zuba kankare da rodi a dogayen akwatunan katako, in ya bushe ya zama turke, a kafa shi a yi ta duka da ƙaton ƙarfe har ya nutse. Kafin a ɗora gada sai da aka jibga wa turke guda ƙarafan dogo, aka zuba ido a ga ko zai ƙara nutsewa. Kakana ya ce ko gezau bai yi ba.

Shi kuwa da ƙiriniyarsa, ya faki ido ya danna tafin hannunsa kusa da kan wani turke tun kankaren na ɗanye. Da aka gama dukan, shaidar ta tsaya daidai fuskar yashi. Ina yaro yakan kai ni da rani, mu durƙusa mu tona kaɗan, in sa hannuna cikin nasa. Ya ce mini, "Kai ɗan ga, kak ka ga ƙarhe ka ruɗe. Ƙasa ta ka riƙe da shi. Ran da ta sake shi, shi ke nan."

A lokacin zancen tsofaffi na ɗauke shi. Yanzu jirgi ya daina wucewa, amma gadar ce hanyar mutanen ƙetaren rafin, musamman da damina, har da jikata Hadiza mai zuwa makaranta. Gusau kuma sai gine-gine take, gini kuwa yashi yake ci. Tifofi na kwasa daga gindin gadar, turakun sun fito tsirara, wani har rodinsa ya leƙo ya yi tsatsa. Ni ba injiniya ba ne, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Abin da ya fi ci mini rai, ɗaya daga cikin direbobin ɗana ne, uban Hadiza. Da na yi masa magana ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in ban ɗiba ba wani ka ɗiba. Mi za mu ci?" Ni ma kuwa daga tifar nan nake cin tuwo.

Da Malam Sanda zai dawo, ban san wa zai fara yi wa faɗa ba, ni ko yaron. Bai bar mana gona mai yawa ba, wannan aikin ne gadonsa, kuma ya riƙe amana har muka tsufa. Mu ne muke janye masa ƙasa. Tsoro nake ji, ga damina ta ƙarato.

Makon jiya na je in sa hannuna cikin nasa kamar da. Na yi ɗage, na miƙe iya tsawona, ban kai ba. Tafin yana can sama da kaina, yatsu a ware, irin yadda ake ɗaga wa mota hannu ta tsaya. Ina nan tsaye sai na ji takun yara a bisa gadar, an taso daga makaranta.