Shekarar da Baba ya saki awaki a kan wakena

In na ji samari a tasha suna musu, wane ne ya gyara ƙasa, wane ne ya ɓata ta, sai in tuna da awakin garinmu.

Mahaifina mai unguwa ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Da an yi shuka sai ya sa a yi shela, kowace mace ta ɗaure awakinta a turke. Da an kwashe amfanin gona ya sake sa shela, a sake su su bi gonaki. Ni a wurina iyakar mulki ke nan.

Shekarar da na yi aure aka yankar mini gayaunata ta farko, na kuwa makara wajen shuka wake. Kowa ya gama girbi, nawa yana nan kore shar, yana neman kwana goma. Ko a jikina. Ɗan mai unguwa ne fa ni!

Na same shi a zaure na ce, "Baba, a ɗan jinkirta shelar nan, wakena bai bushe ba."

Ya yi dariya. "Au, har da kai a masu zaton ni nake sakin awaki? Tashi mu zaga."

Duk gidan da muka wuce kukan awaki ne. Ciyawa ta ƙare, mata sun gaji da neman ganye. A bayan wani danga ma muka ga akuya tana kiwo, igiyarta na jan ƙasa. Baba ya kau da kai kamar bai gani ba.

Ya ce, "Jibi matan nan za su sake su, ko na ce ko ban ce ba. Ni ranar da suka yanke nake lura da ita, in riga su faɗa. In na ƙara kwana goma saboda ɗana, wakenka ba zai tsira ba, baɗi kuma in na ce a ɗaure babu mai ɗaurewa."

Wallahi raina ya ɓaci. Da wane ido zan kalli amarya, rumbu ba ko tiya ɗaya ta wake?

Ranar shela na sammaka gona in yanke shi ɗanye, ko harawa in samu. Na tarar da Baba a sunkuye da lauje, tsohon da ya shekara biyar bai taɓa aikin gona ba, har ya gama kunya uku. Muna cikin yanka muryar mai shela ta taso daga gari. Bai ko ɗago kai ba.

"Yi sauri," ya ce, "ga su nan zuwa."