Gorar Zoɓon Aminina

A lokacin ni mai sayar da hatsi ne a kasuwar Potiskum, gemuna ya fara furfura, kuma ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Daga la'asar zuwa magariba muke karatu, a tsakanin nan ne 'yata ke tashi daga Islamiyya a Dogo Tebo. Ita ce malamata a gida, takan riƙe hannuna tana koya mini rubutu, tana dariya wai baƙina kamar kaza ta taka. Ɗaukarta daga makaranta sai na damƙa wa aminina mai keke Napep, wanda muka taso tare a Hausari.

Mutumin nan ko ƙwayar gyaɗa yake ci sai ya ce bismillah. Amma akwai wata gorar zoɓo a ƙarƙashin kujerarsa wadda bai taɓa miƙo mini ba. Ran da na kai hannu cikin wasa, ya fizge ta, ya ce maganin basir ne, ɗacinsa zai kashe ɗan birni irina. Muka yi dariya. Da safe hannunsa na rawa har shayi ya zube masa, sai ya zagaya bayan keke ya dawo garau. Bakinsa kullum da kanumfari, idonsa ja, abu kaɗan ya hau faɗa. Azumi ya zo, ya ce gyambon ciki ya hana shi. Maiɗakina ta ce tana jin wani wari a hijabin yarinyar, na ce ta ji tsoron Allah. Duk da haka na tambaye shi a gefe. Ya dube ni ya rantse, ya ce ashe har ni zan zarge shi. Ni na ba shi haƙuri.

Ina cikin aji aka kira ni. Keken ya kife a kwana, 'yata ta karye a hannun dama. Gorar ta fashe a kan titi, kuma duk wanda ya taru a wurin ya san ba zoɓo ba ne kaɗai. Daga baya na ji wasu abokan aikinsa sun daɗe da sani, kunyata suka ji.

Wani ma'aikacin asibiti ya gaya mini rawar hannun nan ta aminina alama ce giya ta riga ta kama jiki, ciwo ne da ake nema wa magani. Na yarda, har na ce wa 'yan'uwansa su kai shi. Ciwon ban riƙe shi da shi ba. Rantsuwar ce ta tsaya mini a rai, domin ya yi ta yana sane da wadda yake ɗauka.

Ina roƙon masu karatu, idan mai kyauta ya fara ɓoye gora, kada kunya ta rufe muku baki, kada kuma rantsuwa ta ishe ku. An ɗora hannun 'yata, amma har yau alƙalami na gajiyar da ita. Wannan wasiƙar ni kaɗai na rubuta ta, babu mai riƙe mini hannu.