Ɗan Mahauci Ya Zama Mushe

Gusau, ranar Asabar

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, da idar da salla, na saɓa jakata na fito daga gidanmu na Tudun Wada. An kwana ana ruwa, lungunmu duk ya caɓe. Baba na zaune a ƙofar zaure yana wasa wuƙaƙensa, domin shi mahauci ne. Ni kuwa shekara biyu ke nan da gama karatun koyarwa, amma aikina bai wuce ɗauko cinyar sa daga kwata zuwa tebur ba. Shi ya sa da wata ƙungiyar matasa ta nemi masu sa kai su je Nijar su koyar da Ingilishi a hutun damina, wata uku, ba albashi sai abinci da makwanci, ni na fara rubuta suna.

Baba bai hana ba, sai dai ya gindaya sharaɗi. In na cika wata ukun, zai bar ni in bi koyarwa duk inda ta kai ni. In na dawo kafin nan, ko da kwana ɗaya ne, in ajiye takardu in ɗauki wuƙa, magana ta ƙare.

"Lawali," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba, "sati biyu na ba ka. Teburinka na nan, ban ba kowa ba."

"Baba, wata ukku anka ce."

"Awo, na jiya. Allah shi kiyaye hanya."

A tasha na biya naira dubu huɗu zuwa Katsina. Bas ɗin ba ta cika ba sai bakwai saura kwata.

Tsafe

Kilomita hamsin ba ta cika ba tsakanin Gusau da Tsafe, amma sai da muka ci awa ɗaya da 'yan mintuna, saboda shingen jami'an tsaro har uku. Direbanmu mutumin Bilbis ne, mai son zance. Ya tsaya a bakin titi muka sha koko da ƙosai, shi kuma ya sa ni a gaba da tambaya.

"Nijar za ka? Mi za ka saro?"

"Ba sari za ni ba, koyarwa."

"Nawa za su biya ka?"

"Ba biya. Aikin sa kai ne."

Ya ajiye ludayin kokonsa ya ƙare mini kallo. "Gidanku sun sani?"

Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta buɗe ƙullin zanenta ta miƙo mini dabino uku, irin miƙon da ake yi wa marar lafiya. Na karɓa na yi godiya. Da muka bar Tsafe surutu ya ɗauke, kowa ya san halin da hanyar nan take ciki, sai motsin leɓe kake gani har muka shiga Funtuwa. Mun isa Katsina ƙarfe uku da rabi, na kwana a ɗakin wani ɗan ƙungiyarmu, wanda ya ba ni wasiƙa rubuce da Faransanci, ban gane komai a ciki ba sai sunana.

Jibiya zuwa Maraɗi, ranar Lahadi

Ƙarfe takwas na bar Katsina, tara da kwata ina Jibiya. A ɓangarenmu aka duba takardar ƙetare iyaka da katin rigakafi, aka sallame ni. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya karɓi wasiƙar, ya karanta, ya dube ni daga sama har ƙasa, fuskarsa ta washe.

"A'a! Ashe mushe ne!" Ya juya ya kira abokin aikinsa. "Taho ka ga mushe daga Gusau!"

Wanda bai tashi a gidan fawa ba ba zai san yadda na ji ba. Mushe dai kowa ya sani, dabba ce da ta mutu ba yanka, wadda ake ja da igiya a kai bayan gari. Amma a gidanmu kalmar ta fi zagin uwa zafi. Mahaucin da aka ce ya taɓa sayar da mushe, ya gama kasuwa har jikokinsa. Akwai mutumin da Baba ya yi shekara huɗu ba ya amsa gaisuwarsa don ya jefa kalmar cikin raha. Ga shi ni sirirtacce ne, wuya kamar na zabo, ga gajiyar mota ta kwana biyu. Na ce a raina, wato har na yi kama da abin da za a ja da igiya. Na haɗiye, domin mutumin da bindiga a kafaɗarsa.

Mun shiga Maraɗi da azahar. Daga nan wata akori-kura ta kai ni garin da aka tura ni, tafiyar kilomita talatin. Ba zan faɗi sunan garin ba, sun yi mini dariyar da ta isa.

Kwana goma sha ɗaya na farko

An sauke ni a gidan Inna Rabi, wata tsohuwa mai tsabta da ke maƙwabtaka da makaranta. Ita "baƙona" take ce mini. Da safe fura, da rana dambun zogale, da dare tuwon gero miyar kuka, har na fara tunanin wuyan nan nawa zai cike. Malaman makarantar duk sun tafi hutu, shugabansu ma yana Maraɗi, ni kaɗai ne da mabuɗin aji. Darasi ƙarfe uku ne zuwa biyar, bayan yara sun dawo daga gona.

Ranar Litinin na goge rigata, na shiga aji da sallama. Yara arba'in da uku suka miƙe tsaye lokaci guda, suka haɗa baki da ƙarfinsu:

"Banjur, Mushe!"

Alli ya faɗi daga hannuna. Na duƙa na ɗauka, na rubuta a allo da manyan baƙaƙe: MALAM LAWALI. Na ce su maimaita.

"Mushe Lawali!"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya yi ko murmushi. Na ce lallai waɗannan sun ƙware a rashin kunya. Na tabbata jandarman nan ne ya aiko da sunan ta bakin direbobi. Girman kai ya hana ni tambayar kowa, don ina ganin in na tambaya na amsa sunan ke nan. Sai na kafa doka: duk wanda ya faɗi kalmar, waje. Ranar farko na kori bakwai. Suna fita suna waige, wata ƙaramar yarinya har da hawaye tana cewa, "Mushe, mi na yi?" Na ce ta ƙara nisa.

Ranar Juma'a wata mata ta yi sallama a gidan Inna Rabi da ƙwan zabi a ƙwarya. Ina daga ɗaki na ji ta ce, "Ga wanga, a ba mushe shi samu ƙarhi." Na leƙo na ce ta mayar da kayanta, ban gode ba. Inna Rabi ta bi ni da ido, ta ce, "Baƙona, ko ƙwai na tada maka ciwo?" Na ce e.

Kafin sati na biyu ya raba, ajina ya koma mutum goma sha tara, su ma sun daina ɗaga hannu, don ba su san yadda za su kira ni ba. Ina magana, suna kallon ƙasa. Na yi baƙin ciki ƙwarai, na fara yarda cewa koyarwar ce ban iya ba. Ranar Laraba Baba ya kira ni a waya, bai daɗe ba.

"Kana lahiya? To madalla. Na sa an wanke teburin."

Bakin hanya, ranar Juma'a

Ƙarfe bakwai na safe na ajiye mabuɗin aji a kan tabarma, na ce wa Inna Rabi zan je Maraɗi in dawo. Ta dubi jakar da na cika taf, ta ci gaba da aikinta. Na zauna a teburin mai shayi ina jiran mota, ina lissafin cewa gobe da yamma ina Gusau da wuƙa a hannu, daidai ranar da sati biyun Baba zai cika.

Sai ga wani dattijo a kan babur, farar riga, farin gemu, tabarau a hanci. Duk mutanen teburin suka miƙe. Mai shayi, ƙato mai 'ya'ya, ya bar tukunyarsa ya durƙusa har ƙasa.

"Mushe Habu! Sannu da hanya, Mushe! An dawo lahiya, Mushe?"

Dattijon yana amsawa yana fara'a. Ni kuwa jinina ya hau. Na ce wannan gari ko furfura ba su bari ba. Da ya zauna kusa da ni na kasa daurewa.

"Baba, ka yi haƙuri, ni baƙo ne. Amma ya za a yi ka bari ana zaginka haka, kana dariya?"

"Zagi? Wa ya zage ni?"

"Mushe fa suke ce maka. Ni ma haka sunka yi man tun daga kan iyaka. Ni ɗan mahauci ne, ba ni iya ɗauka. Gida za ni."

Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi jakata. "Kai ne Lawali na Gusau, wanda anka turo muna?" Na ce ni ne. Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke rawa, har shayi ya zube masa a riga. Ashe shi ne shugaban makarantar. Da ya samu numfashi ya yi mini bayani: kalmar Faransanci ce ta girmama namiji, da ita ake kiran malamin boko, bakin Bahaushe ya tauna ta har ta koma mushe.

"Ɗana," in ji shi, yana share ido, "shekara talatin da ɗaya ina mushe garin ga, ban yi wari ba tukuna."

Teburin ya kwashe. Daidai nan motar Maraɗi ta tsaya, ana kiran saura mutum ɗaya. Na dubi ƙasa ina neman inda zan shige. Motar ta yi ham sau biyu ta wuce, ni ina zaune rungume da jaka.

Sauran kwanakin

Yinin ranar da washegari, Mushe Habu ya zaga da ni gida gida ina ba da haƙuri. A kowane zaure sai ya sa na maimaita labarin da bakina, wai hukuncina ke nan. Mai ƙwan zabi ta ce ta yafe, amma ƙwan kam an riga an cinye. Yarinyar da na kora tana kuka, Zali sunanta, ita ta fi wuyar shawo kai. Sai da na durƙusa daidai tsawonta na ce, "Zali, mushe ya yi kuskure," sannan ta saki bayan uwarta. Ranar Litinin yara talatin da takwas suka miƙe suka gaishe ni, na amsa da ƙarfi.

Daga nan kwanaki suka miƙe. Da safe in bi Inna Rabi gonar geronta, da yamma aji. Ran kasuwa in kai yaran rumfuna muna kiran sunan kaya da Ingilishi, su kuma suna gyara mini Faransancina suna dariya. Sau biyu na je Maraɗi sayen alli. A wani suna da aka yi, mai fiɗa bai zo da wuri ba, na naɗe hannun riga na feɗe akuya kafin a gama raba goro. Har na bar garin ana ba da labarin ranar da mushe ya feɗe akuya.

Ƙwanni zuwa Bunguɗu

Na cika wata uku da kwana biyu, kwana biyun don kada a yi gardamar lissafi. Ranar tafiya yaran suka raka ni bakin hanya, suka bi motar da gudu suna kiran sunan nan. Na juya fuska wajen taga, kuka na yi sosai, ba zan ɓoye ba.

Ta yamma na dawo. Maraɗi zuwa Ƙwanni ta Madawa awa huɗu da rabi, na ƙetara Illela da la'asar, na kwana a Sakkwato. Washegari ƙarfe bakwai muka taso, muka wuce Talatar Mafara da Maru, sha ɗaya da rabi na sauka a Bunguɗu don in gaida kakata, mahaifiyar Baba. Ta ce mijin nata ya yi ƙiba, wace ce ta riƙe mata ni a can? Ina shan fura na ba ta labari duka, na roƙe ta kada ya wuce ɗakinta.

"Haba mai gida, wa za ni hwaɗa ma?" in ji ta, hannunta na laluben waya a ƙarƙashin filo.

Gusau

Bunguɗu zuwa Gusau kilomita ashirin ne da 'yan kai, rabin awa a mota, amma labari ya riga ni isa. Na sauka daga babur a Tudun Wada bayan la'asar, na tarar da Baba a ƙofar zaure da abokan sana'arsa uku, kowa ya gimtse baki. Na durƙusa na gaishe su. Na miƙa wa Baba takardar shaidar kammala aiki da Mushe Habu ya rubuta mini. Ya juya ta sama da ƙasa, Faransanci ne, ya ninke a hankali ya sa a aljihun gaba. Sannan ya miƙe ya tare ƙofa.

"Shekara arba'in ina hwawa," ya ce, "mushe bai taɓa ƙetare ƙohwar gidan ga ba."

Ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. Sai ya matsa gefe.

"Shigo. Teburin kuma na ba ƙanenka tun watan jiya."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Inna Rabi da Mushe Habu, da direban motar Maraɗi da bai yi ham na uku ba. Godiyata mafi girma kuwa ta yaran nan ce, da suka yi kwana goma sha ɗaya suna girmama ni ina korarsu waje, kuma suka dawo.