Ɗan Hagun Gidan Hayarmu

Ban taɓa taka ƙasar Sifaniya ba, amma akwai lokacin da na fi sanin siyasarta a kan ta ƙaramar hukumarmu. Aikin maƙwabcina ne. A gidan hayar da na zauna a Kakuri, sa'ad da nake koyarwa a wata firamare, ɗakinsa na kallon nawa, famfo ɗaya muke tarar ruwa, igiya ɗaya muke shanya. Kwamared ake ce masa, kuma shi da bakinsa ya roƙi a riƙa ce masa haka. Ya yi karatu har digiri, aiki bai samu ba. Da yamma yana yi wa 'ya'yan mutane lesin, sauran wunin kuwa yana kan benci a tsakar gida da waya a hannu, yana gyara duniya.

Gwaninsa wani shugaban jam'iyya ne a can Sifaniya. Samarin unguwa 'yan ƙwallon ƙasar suka sani, shi sai ya zaɓi ɗan siyasa, don a san ba sa'ansu ba ne. Kullum da safe ina wanke-wanke ina shan tarihin mutumin tun daga tushe: yadda ya yi karatu mai zurfi, yadda ya fito dandali tare da masu zanga-zanga lokacin da ake korar talakawa daga gidajensu, yadda ya riƙa wanke manya tas a talabijin, har ya zama shugaban jam'iyya ya shiga majalisa ba kwat ba nektayi. Saboda haka Kwamared ma ya daina sa maɓallin wuya, yana naɗe hannun riga har gwiwa kamar mai shirin aiki. Aikin ne dai ban taɓa gani ba. Ranar da kwatar gidan ta toshe, mu mata muna zura sanda, shi yana tsaye a kanmu yana bayanin yadda jari-hujja ta toshe ta.

Ɗakin bakin ƙofa, mai taga a kan titi, na Mama ne. 'Yar Filato ce. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne, ya rasu bayan an rufe masaƙar, ya bar ta a ɗakin da ya kawo ta tana amarya. A ƙofar ɗakin take suyar ƙosai da doya, da wannan take ci take sha. Ita ke riƙe wa kowa makulli, ita ke kwashe mana shanya in ruwa ya sauko muna wurin aiki. Kwamared kuwa ya ci ƙosanta har ba ya lissafuwa, wai talaka ɗan'uwan talaka ne.

Na tuna ranar da ya yi mata bayanin kansa.

"Mama, ni fa ɗan hagu ne."

Ta dube shi da matsami a hannu. "Hagu kuma? Wanda ake shiga bayi da shi?"

"A'a, Mama. A siyasar Turai, masu tsaya wa talaka su ake ce wa 'yan hagu."

"To, Allah ya kyauta," in ji ta. "Amma in ƙosai za ka karɓa, miƙo ɗayan hannun."

Ana nan sai labari ya zo cewa gwanin nasa ya shiga gwamnati, tare da mutanen da a da yake caccaka. Na ga samu. Da safe na ce, "Kwamared, na ji mutuminka ya zauna cin tuwo da waɗanda ya ce sun sa wa miyar guba." Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Malama, matsalarki ba ki karanta siyasa ba. Stratiji ne, wato dabara. Ba a gyara gida daga waje, sai ka shiga ciki." Na ce to, ni dai a ƙauyenmu in mutum ya shiga ciki, ƙofa yake fara rufewa.

A daminar shekarar Alhaji mai gidan ya zo daga Unguwar Mu'azu da magini a bayansa. Ya ce zai fasa ɗakin Mama ya mai da shi shago, ta nemi wuri. Mama ta yi kwana da kwanaki ba ta hura wuta ba. Allah ya sa wata 'yar cocinsu ta samo mata ɗaki a Romi, shi ma a bakin hanya, inda za ta iya ci gaba da suyarta. Mai ɗakin dai ya ce a ba shi amsa da wuri, don akwai masu so. Ranta bai so ba, amma ta fara ɗaure kaya.

Nan Kwamared ya ga ranarsa ta zo. Ya kira mitin a tsakar gida, ya hau benci. Abin da ya sha ba mu labarinsa a Sifaniya, ga shi ya biyo shi har Kakuri. Ya kafa ƙungiyar 'yan haya a tsaye, aka ɗaga hannu aka zaɓi ciyaman, ba sai na faɗi wanda ya ci ba, tunda shi kaɗai ya tsaya. Sannan ya sauko ya durƙusa gaban Mama.

"Ba inda za ki, Mama. In kika tashi yau, gobe mu ne. Muddin ina numfashi, ba mai taɓa wannan ɗakin."

Na ga hawaye a idonta. Tun rasuwar mijinta ba wanda ya taɓa tsaya mata haka. Da aka watse na bi ta ɗaki na ce, "Mama, kada ki saki reshe ki kama ganye. Ki riƙe na Romi tukuna." Ta ce, "Malama, yaron nan ya yi karatu. Kuma a ɗakin nan na rufe wa mijina ido." Washegari ta aika wa 'yar cocinsu cewa ta gode, ta fasa. Ta kwance kayanta, ta hura wuta.

Kwamared ya fara zirga-zirga zuwa Unguwar Mu'azu. Shi kaɗai yake tafiya, wai magana ce ta shugaba da shugaba. In ya dawo muka tambaya, sai ya ce tattaunawa na ci gaba. A zuwan farko Alhaji azzalumi ne. A na gaba ya zama ɗan kasuwa mai nasa uzurin. Daga baya na ji Kwamared yana cewa mutumin na da sauƙin kai, rashin mai ba shi shawara ne ke cutarsa. Ranar har lemon kwalba aka ba shi, ya taho mana da labarin sanyinsa.

Wata Asabar sai ga Alhaji da kansa. Ya tara mu ya ce daga yau Kwamared ne kiyateka, mai kula da gidan, duk mai magana ya bi ta hannunsa, ya miƙa masa damin makullai. Ɗakin da yake ciki kuma ya zauna kyauta. Motar Alhaji na tashi, Kwamared ya juyo yana murmushi ya ce mun ga abin da yake faɗa, yanzu muna da namu a ciki.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ashe hagun naka na kafin ka samu dama ne." Wasu suka yi dariya. Ya ce irina ne ke kashe gwagwarmaya da gajen haƙuri.

Aikinsa na farko a ofis shi ne zuwa ɗakin Mama. Ina jin su ta taga. Da albishir ya fara: da Alhaji so ya yi ta fita nan take, amma shi ya tsaya kai da fata har aka bar ta zuwa ƙarshen wata. Motar kwashe kaya ma Alhaji zai bayar. Ya ce wannan nasara ce, ta kowa da kowa. Mama ta ɗauki mayafi ta tafi Romi a ranar. An riga an ba da ɗakin, har waɗanda aka ba sun rataya labule.

Ba ta samu wani a cikin gari ba. Ƙanin mijinta da ke noma a Kakau ya ce ta zo, akwai ɗakin da yake ajiye masara, zai kwashe mata gefe guda. Can ba titi a ƙofar gida, ba ma'aikata masu wucewa da safe, babu wanda za ta soya wa ƙosai. Ta san da haka, mu ma mun sani.

Ranar tashinta da hantsi muka yi ta fito da kaya: gadon ƙarfe, akwati, kaskon suya, hoton mijinta sanye da kayan aiki. Kwamared na tsaye, hannun riga a naɗe, makullai na ƙara a ƙugunsa, yana nuna wa direba yadda ake ɗaure kaya. Ni kuka nake yi, kuma ban ɓoye ba, na baƙin ciki da na haushi a haɗe. Da aka gama lodi sai ya yi gyaran murya. Ya ce tarihi ba zai manta da Mama ba. Ya ce ko a Sifaniya ba a rana ɗaya aka samu komai ba, canji a hankali yake zuwa, kuma wani lokaci sai an ja da baya kafin a ci gaba. Magini na gefe zaune a kan buhun siminti yana jira a gama.

Mama ta saurare shi har ƙarshe, don ba ta katse mutum. Ta kwance makullin daga bakin zanenta ta sa masa a tafin hannu.

"Na gode, Ciyaman," in ji ta a hankali. "Alfarma ɗaya nake roƙo. In an zo kan ɗakin Malama, don Allah kada ka taimake ta."